Keken Peugeot ɗin da na saya yuro 60

Ni dai ba son keke ne ya shigar da ni wannan harka ba, gaskiya kuɗi na je nema. Daga Maraɗi na zo Saint-Étienne karatu, shekara ta biyu kenan, kuma duk wanda ya yi zaman ɗalibta a Faransa ya san yadda ƙarshen wata yake, kuɗin ɗaki ya cinye fiye da rabi sauran kuma kayi ta jansu kamar roba har wata ya mutu. Wani abokina ɗan Mali da muke bene ɗaya shi ya sa min abun a kai, yace wai Turawa yanzu sun haukace kan tsofaffin kekunan tsere, ka saya a banza ka wanke ka sa sabuwar taya ka sayar ninki huɗu. Toh ɗan Maraɗi ka ce masa saye da sayarwa, ai ka sosa masa inda yake ƙaiƙayi.

Wata Lahadi cikin Oktoba muka je irin kasuwar nan da mutanen unguwa ke fito da tarkacen gidajensu su baza a filin ajiye motoci, tsofaffin kwanuka, littattafai, kayan yara, fitilu, komai da komai. Can ƙarshen layi na hango shi jingine da wata mota, fari ne amma ƙura ta mayar da shi ruwan ƙasa, kansa lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyi sun ruɓe sun manne da wili, ga zakin nan a goshinsa. Zakin ne ya tsayar da ni wallahi, dan keken Babanmu ma Peugeot ne, mu Fijo muke cewa, baƙi mai kariya da madigadi, da shi ya dinga kai mu makaranta biyu a baya ɗaya a gaba. Mai kayan yace na kawunsa ne da ya rasu, ya fi shekara 30 rataye a gareji, yace PX10 ne irin na 'yan tsere na zamanin Thévenet, wani gwanin tseren keke na Faransa, yuro 100. Lokacin ko PX10 ɗin ban san mene ne ba amma ban nuna ba, na tsuguna ina ƙwanƙwasa ƙarfe ina girgiza kai irin na dillalai, na taya 40. Bature bai saba da irin tayinmu ba sai da kunnensa ya yi ja. Nayi kamar zan tafi ya kira ni, ciniki ya faɗa a 60, kusan jika 39 kenan a kuɗinmu na sefa. Turo shi nayi har gida wajen kilomita 3, wilin baya ma ba ya juyawa sosai janshi kawai nake.

A lissafina aikin Asabar da Lahadi ne. Na sayi sifana mai daidaitawa da ɗan mai na feshi na shimfiɗa jarida a ɗaki, awa huɗu ina fama abu ɗaya kawai na iya cirewa, ƙararrawa, ita ma ba ta asali ba ce. Ƙarfen sirdi ko motsi, feda ko motsi, hannuna duk ya yi baƙi ga tsatsa a kan katifa. Sai wata 'yar ajinmu ta faɗa min akwai garejin ƙungiya a cikin gari, irin wanda kake biyan ɗan kuɗi a shekara, ni yuro 20 na biya, kayan aiki duk nasu ne kayi amfani da su yadda kake so, sharaɗin kawai ba mai gyara maka, da hannunka za kayi, su dai su tsaya a kanka su nuna maka. A nan na haɗu da wani dattijo mai shekara 70 da wani abu, gajere mai shuɗiyar rigar aiki, kowa a wurin shi yake tambaya. Yace yana ɗan shekara 16 ya shiga masana'antar kayan keke a garin nan har ya yi ritaya.

Daga bakinsa na fara gane inda nake zaune. Ni dai na san Saint-Étienne garin ƙwallo ne masu koren riga da tsofaffin ramukan kwal, ashe nan ne cibiyar keke ta Faransa gaba ɗaya a da, a nan 'yan'uwan nan Gauthier suka ƙera kekensu a 1886, nan Manufrance take da kekenta mai suna Hirondelle, nan Mercier masu keke ruwan hoda da shahararren ɗan tseren nan Poulidor ya hau, nan Stronglight masu yin kuranki. Yace lokacin yana yaro kusan kowane lungu ka shiga sai ka ji ƙarar guduma da walda, wannan gida rim, wancan feda, wancan sarƙa. Daga baya na je gidan tarihin garin na fasaha da masana'antu na ga kekunan da idona, amma wannan wani labari ne.

Ya sa tabarau ya zagaye keken sau biyu bai ce komai ba, sannan ya lashi yatsa ya goge wata 'yar sitika kore da baƙi da ke ƙarƙashin sirdi yace in karanta. Reynolds 531, sai a ƙasa an rubuta bututu 3. Yace toh yaro, wannan PR10 ne ba PX10 ba. Reynolds 531 wani ƙarfe ne na Ingila mai ƙarfi kuma mara nauyi, PX10 duk jikinsa da shi aka yi har ƙafafun gaba da na baya, PR10 kuwa manyan bututu ukun tsakiya ne kawai, sauran ƙarfe ne na yau da kullum. Ƙanensa ne dai, uwa ɗaya, fenti ɗaya, daga nesa ba ka bambanta su shi yasa masu sayarwa da yawa ke kiran kowane farin Peugeot PX10, wasu da gangan wasu da rashin sani. Jikina ya yi sanyi, nace kenan an cuce ni. Yace a yuro 60 ba wanda ya cuce ka, keke ne mai kyau, na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Thévenet ya kayar da Merckx zakaran Beljiyam a babban tseren keke na Tour de France na 1975 sanye da rigar Peugeot fara mai ɗigon dara, ya kuma sake ci a 1977, kowane saurayi a Faransa irin wannan farin keken yake mafarki.

Abu na farko da ya sa ni nayi shi ne hoto. Kowane noti, kowace waya, ta ina ta bi ta ina ta fito, kafin in taɓa komai. Na biyu ya kawo kwalayen ƙwai yace kowane sashe da raminsa. Na uku kuma shi ne wanda da na saurara da kyau da ban yi asara ba, yace wannan keken Faransanci kawai yake ji, duk abin da ka gani a bidiyon intanet na Amurkawa da Ingilishi ka ajiye shi a ƙofa. Abin da yake nufi, kafin shekarun 1980 Faransawa ma'auninsu daban ne da na sauran duniya, su milimita suke bi, Ingila inci take bi, Japan da mafi yawan masu ƙera keke suka bi Ingila, daga baya su ma Faransawan suka haƙura suka bi. Matsalar ita ce bambancin ba babba ba ne da za ka gani da ido, ɗan ƙanƙani ne, daidai yadda noti zai shiga zagaye biyu ya yaudare ka sannan ya cinye zaren gaba ɗaya.

Haka kuwa aka yi da ni a sati na biyu. Ranar dattijon bai zo ba, ni kuma ina sauri dan na riga na ƙirga ribar a raina. Zan cire kuranki, wato ƙarfen nan da feda ke maƙale a jikinsa, nawa na Stronglight ne na alminiyam, ana ciro shi da wani ɗan ƙarfe mai zare da kake ɗaurawa a cikin ramin kurankin sannan ka murɗa ya turo shi waje. Na ɗauko wanda ke rataye a bango wanda kowa ke amfani da shi, na saka ya shiga sumul har ina cewa kai yau aiki zai yi sauƙi, ashe sauƙin nan shi ne alamar bai kama ba. Na kowa milimita 22 ne, na tsohon Stronglight 23.35 ne, na wani kamfanin kuranki mai suna TA kuma 23, kowanne da nasa. Na sa ƙarfi na murɗa sai naji abun ya saki lokaci ɗaya, ya fito da zaren alminiyam a jikinsa kamar gashin masara, kuranki kuma yana nan daram. Garin neman gira. Washegari dattijon ya kalli ramin ya kalle ni, ya buɗe aljihun rigarsa ya fito da na 23.35 ɗin, ashe kullum a jikinsa yake yawo dan kar a ɓatar. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Sai da muka sa wani abu mai ƙafa uku na makanikan mota muka fizgo shi, kurankin hagu ya tashi aiki, na nemo wani na hannu a intanet yuro 25, sati biyu kafin ya iso.

Bayan kuranki sai cibiyar feda, inda sandar ke juyawa a cikin kofuna biyu masu boris. Nan ma na kusa maimaita wauta. Duk bidiyon da na kalla cewa suke kofin ɓangaren sarƙa zarensa na hagu ne, in za ka kwance sai ka murɗa kamar kana ɗaurewa. Na sa dogon bututu a kan sifana na hau da ƙafa ina dannawa ina nishi, dattijon yana daga can yana shan kofi ya ɗago kai yace in ka gama ɗaure shi ka faɗa min mu fara kwancewa. A keken Ingila ne haka, na Faransa milimita 35 ne kuma duka kofunan biyu zaren dama ne, yadda kake kwance murfin kwalba haka kake kwance su. Ya bayyana min Ingilishi sun fi su dabara a nan, dan juyin feda a hankali yana kwance kofin dama in zarensa na dama ne, shi yasa a keken Faransa sai an ɗaure shi tamau ko a ɗiga masa ɗan gam na zare, kuma shi yasa bayan shekara 50 cire shi ya zama yaƙi. Da muka juya hanya, muka matse kofin a matsar ƙarfe ta kan tebur muka juya gangar keken gaba ɗaya, sai ya yi ƙara ɗaya ƙas ya saki. Giris ɗin ciki ya bushe ya koma kamar ƙanzon tuwo, amma kofunan lafiya lau ba rami ba tabo, Allah ya taimake ni dan irinsu ba a kowane shago ake samu ba.

A wannan daren ne ina kwance abun ya faɗo min, keken Baba. Tun muna yara fedarsa ta hagu ba ta taɓa zama lafiya ba, kullum ƙwas ƙwas, tun daga bakin layi muke gane ya dawo. Duk bayan 'yan watanni sai a kai wa mai gyara a gindin bedi ya buga sabon kotafin, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe kuranki a jikin sandar cibiya, ya goge shi da magagari ya dake shi da guduma, kwana kaɗan ya sake kwancewa, Baba yana ta cewa kayan zamani ne ba su da ƙwari. Na tambayi dattijon da safe, ya yi dariya yace kotafin ɗin Faransa milimita 9 ne, na Ingila 9 da rabi, kuma kayan gyaran da ke cika kasuwanninmu ai na kekuna irin su Raleigh da Phoenix ne masu ma'aunin Ingila. Feda ma haka, ta Faransa milimita 14 ce, ta sauran duniya ta ɗan fi ta kauri, in ka tura ta da ƙarfi za ta shiga amma ramin ya lalace kenan. Shekara nawa mai gyaran nan yana shan zagi a banza, ba laifinsa ba ne, abin da ke akwai a kasuwa da shi yake aiki, rabin milimita ne kawai tsakaninsa da gaskiya.

Ƙarfen sirdi shi ya fi cin lokaci, sati uku cur. Alminiyam ne a cikin bututun ƙarfe, in suka daɗe tare ba giris ga danshi sai wani farin gari ya fito tsakaninsu ya haɗe su kamar an yi walda. Da yake cibiyar feda a buɗe take, muka kifa keken muka dinga zuba mai mai shiga lungu ta ƙasa yana gangarawa cikin bututun, duk ranar da na zo in ƙara in ɗan bubbuga in tafi. Wani saurayi a wurin yace in narkar da shi da soda mai ƙuna, wai tana cin alminiyam ba ta taɓa ƙarfe, gaskiya ne amma tana cin fenti tana cin fata kuma hayaƙinta ba na wasa ba ne, dattijon yace wannan sai an rasa yadda za a yi. Ranar da ya saki mu uku ne a kai, kan ƙarfen a matse a tebur keken a sama muna juya shi kamar masu tuƙa tuwon biki, ya fara kuka ƙiii ƙiii, muna yi muna hutawa dan ya yi zafi, wajen minti 40 sannan ya fito. Na auna, 26.4. Na goge shi na shafe shi da giris har yana ɗiga kafin in mayar, duk wanda zai cire shi bayana ya sa min albarka.

Wanki kuwa aikin haƙuri ne kawai ba dabara. Komai na jiƙa a kananzir na bi da tsohon burushin haƙori. Boris duk na canja dan ba su da tsada, na cibiyar feda 11 kowane gefe, ana ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan giris ya riƙe su, in ɗaya ya faɗi ƙasa kuma sai ka yi rarrafe. Farin ƙarfen nan mai walƙiya na ƙafafun gaba da tsatsa ta yi wa ɗigo-ɗigo, takardar alminiyam ta kicin aka ce in dunƙule in tsoma a ruwa in goga, na ɗauka wasa ne, wallahi cikin minti goma ina ganin fuskata. Fenti ne muka yi gardama. Ni so nake in kankare in fesa sabo fari fat in sayi sababbin sitika ya fito kamar daga kwali, haka ai ake yi a gida in za ka sayar da abu. Dattijon yace in ka fesa ka rage masa kuɗi, masu sayen irin wannan tsohon fentin suke so da ƙujewarsa, ya zama sun san ba a ɓoye musu tsaga ko lanƙwasa a ƙarƙashi ba. Har yanzu ban gama yarda da wannan ɗabi'a tasu ba, mutum ya biya kuɗi dan tabo, amma na bi maganarsa, sabulu da man goge mota kawai na sa, wuraren da ƙarfe ya fito na ɗiga musu man farce mara launi.

Wuyan keken, ƙarfen da ke riƙe kai, da muka wanke sai ga wata siririyar tsaga kamar gashi daidai inda aka yanka shi a ƙasa. Dattijon ko shawara bai nema ba ya jefa shi kwandon shara, yace wannan in ya karye kana gangara haƙoranka ne a ƙasa. Na tono wani a akwatin tarkace, 22.2, ramin keken kuma 22.0, ya ƙi shiga. Maganin sanfefa ce, ka naɗe ka yi ta murzawa kana gwadawa, wajen awa ɗaya a kan abin da bai kai kaurin farce ba. Fedojin asali na bari, masu ɗan keji da maɗaurin fata, an buga D a ɗaya G a ɗaya, dama da hagu kenan da Faransanci, in ka ga haka a tsohuwar feda ka yi hattara da zarenta.

Wili ma da nasa labarin. Na asali irin na 'yan tsere ne, tayar da tiyub ɗinta a ɗinke suke wuri ɗaya kamar tsiran nama, da gam ake manna ta a rim, in ta fashe a hanya ba maganar mai faci sai ka ɓamɓare ka sa wata. Ni da zan sayar wa mai hawa cikin gari naga ba zai yiwu ba, na sayi wasu wili biyu na zamanin masu ɗaukar taya da tiyub na yau da kullum a wurin ƙungiyar yuro 35, sai da muka tabbatar zaren firiwil ɗin, wato haƙoran giya na wilin baya, na Faransa ne shi ma dan nan ma akwai tarkon, 34.7 ne, sannan faɗin baya milimita 120 na giya biyar. Na asalin na wanke na ajiye dan in haɗa wa mai saye. Koyon miƙe wili da ɗaure wayoyinsa rubu'in zagaye rubu'in zagaye, wannan kam na ji daɗinsa, shi ne aikin da na fi so a duka.

Sirdin fata ne na Idéale, ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi. Ina da ɗan man kaɗanya da Inna ta sako min a jaka saboda sanyi, na kawo shi gareji, dattijon ya shinshina ya taɓe baki yace kaɗan dai, ta ƙasa, in ya yi yawa fatar za ta saki ta zama kamar hamak, gadon lilon nan na ƙyalle. Na shafa sau uku cikin sati biyu ya yi laushi ya yi duhu mai kyau, ƙarshe shi da kansa ya roƙi ɗan ragowar. Birkin Mafac ne masu jan waya ta tsakiya, robobin sun tsufa sun zama dutse, na sa sababbi na ɗan karkatar da su yadda gabansu zai fara taɓa rim, in ba haka ba in ka taka sai unguwa ta ji. Abin canza giya na Simplex ne, wani sashensa baƙar roba ce, na gaban garin ɗaurewa na wuce gona da iri ya tsage a hannuna, wani yuro 10 kenan. Sabuwar sarƙa, sababbin wayoyi, farin ƙyalle na auduga a kai wanda ya yi dauɗa tun kafin in gama naɗawa.

Cikin Maris aka gama, wata biyar kenan aikin Asabar da Lahadi. Dattijon yace ba a sayar da keken da ba a gwada ba, in hau Col de la République, tsaunin da ke bayan gari, mita 1161, wanda 'yan Tour de France na farko suka hau a 1903. Giyar keken ta 'yan tsere ce, 52 da 42 a gaba, babbar baya 24, mutanen da ƙafafun ƙarfe gare su inaga. Abin canza giyar kuma a ƙasa yake jikin bututu sai ka saki hannu ɗaya ka sunkuya ka lallaɓa shi da kunne har ƙarar ta ɗauke, ba wani ƙas ƙas irin na zamani. Sau uku ina sauka, wata tsohuwa ta wuce ni tana min sannu. Amma na kai, na zauna gindin dutsen tunawa da Vélocio, wani tsohon jagoran masu yawon keke, a sama ina haki ga sauran ƙanƙara a bakin daji, kuma a gangarowa ne na gane abin da mutanen nan ke biya wa kuɗi, keken shiru kamar ba ya taɓa ƙasa, ƙarfen yana shanye ramukan hanya, birki ya kama ba kuka. Wallahi a wannan gangaren sai da naji ba na son sayarwa.

Amma kuɗin ɗaki ba ya jin wannan. Na ɗauki hotuna 12 a jikin wani tsohon bango da hasken yamma, har da sitikar bututu 3 da duk ƙujewar fentin, na sa a Leboncoin, shafin saye da sayarwa na intanet, yuro 320, na rubuta PR10 ƙarara, tsayi santimita 56, abin da na canja da abin da yake na asali. Saƙonnin da na samu sai ka yi dariya. Akwai mai cewa 80 yanzu-yanzu in zo da kuɗi a hannu, akwai mai son musaya da na'urar wasan bidiyo, akwai wanda ya rubuto min dogon karatu wai wuyan ba na asali ba ne dan haka keken bai kai 150 ba, shi ba saye zai yi ba gyara min kawai yake. Biyu kuma 'yan damfara ne, ba su tambayi komai kan keken ba sai wai suna ƙasar waje za su turo ɗan aike in danna wani mahaɗi in sa lambar katina, nace ku gaida gida. Bayan sati biyu na rage zuwa 295.

Wadda ta saya wata mata ce daga Lyon, za ta yi shekara 40, ta zo a jirgin ƙasa muka haɗu gaban tashar Châteaucreux. Tana son zuwa taron tsofaffin kekuna da ake yi a Saumur ne inda sai keken da ya girmi 1987 ake shiga da shi, mutane su yi shigar kakanninsu su hau. Ta san abin da take yi, ta kifa keken ta duba ƙarƙashin cibiya, ta shafa bayan wuyan bututu ko ya taɓa yin karo, ta riƙe birkin gaba ta girgiza, sannan ta tambaye ni ƙarfen sirdi yana motsi? Nace Madam sati uku na rayuwata na ba shi, da yatsa biyu za ki zare shi. Ta zagaya filin sau biyu ta dawo tana murmushi ta taya 270, ni ɗan Maraɗi aka taya wa, muka tsaya a 280 da wilin asali a kai. Na nuna mata noti ɗaya da zai buƙaci dubawa bayan 'yan kwanaki, kofin nan na dama, na kuma rubuta mata 23.35 a bayan tikitinta nace duk wanda zai taɓa kurankin ki nuna masa wannan tukuna. Ta shiga jirgi da shi, ni na hau taragon cikin gari na koma.

Da daddare na buɗe littafin da nake rubuta kashe-kashe, keke 60, ƙungiya 20, tayoyi da tiyub 50, wili, kuranki, sarƙa, robobi, wayoyi da sauran tarkace, jimla 261. Riba yuro 19, jika 12 da 'yan canji a wata biyar, ɗan Malin nan har yau in ya gan ni sai yace Alhaji mai kekuna. Na kira Baba na ba shi labari, nace na sayar da tsohon Fijo jika 183, ya yi shiru yace keke ko babur? Nace keke. Yace da kariya? Nace babu. Madigadi? Babu. Fitila fa? Nace Baba ko ƙararrawa babu. Ya yi salati yace Allah ya ƙara musu kuɗi su ƙara saye. Sai nace masa na gano abin da ya sa fedarsa ke ƙwas ƙwas shekara da shekaru, na yi masa bayanin milimita 9 da 9 da rabi, nace har dattijon ya ba ni kotafin biyu na asali sababbi a takardarsu, akwai mai zuwa Yamai ƙarshen wata zan ba shi ya kawo. Baba yace ai tun bara ya gaji ya sa aka yi wa kurankin walda gaba ɗaya, babu inda kotafin zai shiga yanzu, amma in aiko dai, zai sa a akwati.